Yadda za ka raba wa inabi rana da inuwa a lambun Katsina

Shekarar da inabina ya fara zuba 'ya'yan kirki, da hannuna na ɓata kusan rabinsa. A cikin Fabrairu ne, 'ya'yan sun fara laushi, sai na ga ganye ya lulluɓe su, raina ya ba ni cewa inuwa ce ta hana su nuna da wuri. Na ɗauki almakashi na bi layi uku na zage ganyen tas, gabas da yamma. Kwana huɗu da yin haka, duk nonon da ke fuskantar yamma ya yi tabo ruwan ƙasa kamar an ɗiga masa tafasasshen mai, wasu 'ya'yan suka motse suka yi tauri. Wani dattijo da muke maƙwabtakar lambu ya leƙo, ya ɗora nono ɗaya a tafin hannunsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ɗana, wa ya ce ka tuɓe masu riga cikin wannan rana?" Na ce, "Baba, so nake su yi zaƙi." Ya ce, "Ai zaƙin ba ta fata yake shiga ba. Ganyen nan da ka zubar ƙasa, shi ke dafa masu shi."

Maganar nan tasa ita ce ginshiƙin noman inabi a ƙasa mai zafi irin tamu. Ganye da ido, wato ɗan ƙullin da toho ke fitowa daga cikinsa, su ke buƙatar rana sosai. Nono kuwa haske kaɗan ya ishe shi, irin wanda ke ratsowa ta tsakanin ganye. Duk aikin da zan bayyana a ƙasa, daga zaɓen wuri har zuwa yanka, dabara ce ta kai rana inda ake son ta da kuma tare ta inda take ɓarna.

Yawancin abin da aka sani game da inabi da hasken rana ya fito ne daga ƙasashen da ke noma shi don yin giya, irin su Faransa da Jamus da Amurka. Mu namu na ci ne, da na zabibi, da na kai wa kasuwa, amma kuranga, wato ita kanta shukar inabin, ɗaya ce, kuma yadda take sarrafa haske bai bambanta ba. Abin da ya bambanta shi ne matsalar. Manomin kwarin Mosel a Jamus yana wajen digiri 50 arewa da layin Ikwaita, rana na yi masa rowa, shi ya sa yake dasa inabinsa a gangaren tsauni mai kallon kudu don ya tsinci ɗan abin da ya samu. Katsina da Daura kuwa suna kan digiri 13 ne. Yininmu ba ya kai awa 13 ko a Yuni, ba ya kuma sauka ƙasa da awa 11 a Disamba, amma ranar tana da ƙarfi duk shekara. Wanda ya kwaso shawarar Turai ta "buɗe nono ya sha rana" ya zuba ta a lambun bakin dam na Ajiwa ko na Sabke ba tare da tacewa ba, abin da ya same ni shi zai same shi.

Abin da rana ke yi a jikin kuranga

Ganye na haɗa hasken rana da ruwan da saiwa ta jawo da iskar da yake shaƙa ta ƙananan ƙofofin da ke bayansa, ya ƙera sukari. Wannan sukarin ne ke tafiya zuwa toho da saiwa da 'ya'ya. Aikin ya fi tafiya daidai idan zafi na tsakanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. Da ya haura 35 sai ya fara ja baya, don ganyen na rufe ƙofofinsa ya tsare ruwan jikinsa. Ke nan a ranar Afrilu da ake digiri 40, kurangarka da hantsi take yin aikinta, da azahar kuwa jurewa kawai take yi.

Ga wani abu da ya kamata kowane mai inabi ya riƙe: ganye ɗaya na shanye kusan kashi 9 cikin 10 na hasken da ke da amfani gare shi. Wanda ke ƙarƙashinsa ɗan ragowar yake samu, na uku kuwa kusan babu abin da ke isa gare shi. Wannan na ukun ci yake ba ya kawowa, a ƙarshe ya yi ɗorawa ya faɗi. Don haka kuranga mai duhun ganye ba alamar lafiya ba ce ko da ta burge mai wucewa. Wani masani a tashar binciken noma ta Geneva da ke jihar New York, Nelson Shaulis, shi ya nuna haka a shekarun 1960: da ya raba ganyen kuranga ɗaya zuwa labule biyu don haske ya shiga tsakiya, sai 'ya'ya suka ƙaru ba tare da an ƙara taki ko fili ba.

Mataki na farko: ka karanci inuwar filinka kafin ka haƙa rami

Ka je filin sau uku a yini ɗaya, da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, ka ga inda inuwa ke kwanciya. Ka yi wannan a cikin hunturu, don lokacin ne inabinka zai ɗauki 'ya'ya. A wajenmu rana na bi ta tsakiyar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan biyun tana ɗan karkata arewa, amma daga ƙarshen Agusta har Afrilu ta kudu take bi. A Disamba tana yin ƙasa sosai, har bishiya mai tsawon mita 10 ta jefa inuwar fiye da mita 7 zuwa arewa da tsakar rana, da safe da yamma kuma ta fi haka nesa ba kusa ba.

Saboda haka bedi ko mangwaron da ke kudu da filinka shi ne abin gudu. Na arewa maso gabas kuwa alheri ne, don daga can iskar hunturu ke busowa, zai tare maka ita ba tare da ya tare rana ba. In dai da hali, ka bar tazara mai kyau, domin saiwar bedi na tafiya nesa neman ruwan da kake zuba wa inabi.

Masu dasawa a cikin gida su kula da katanga. Katangar siminti mai kallon yamma na shan rana tun azahar, ta yi ta amayar da zafin har bayan isha'i. Kada ka jingina kuranga da ita. Tsakar gida inda rana ke sauka tun safe, ta kuma kau da la'asar, ya fi.

Ƙasar jigawa mai tsane ruwa ta dace da inabi. Inda ruwa ke kwanciya da damina bai dace ba sam. Ka kuma tabbatar da ruwan rani, rijiya ce ko burtsatse ko bakin dam, domin duk noman a rani za a yi shi.

Mataki na biyu: rumfa

Kuranga ba ta tsayuwa da kanta, yadda ka shimfiɗa ta haka za ta karɓi rana. A Turai an fi ɗaure ta a tsaye kamar danga, nono a waje yana kallon rana. A nan ban ba da shawarar haka ba, musamman in layin ya miƙe daga kudu zuwa arewa, don gefen yamma zai sha ranar da ke tsakanin azahar da la'asar, wadda ita ce mafi zafi a yini.

Hanya biyu na ga sun dace da mu. Ta farko rumfa ce sosai: turaku masu tsawon kamar mita 2 daga ƙasa, a ja waya a sama a saƙa ta kamar raga, ganye ya kwanta a kai, nonna su rataya a ƙarƙashi cikin inuwa. Ta biyu ita ce mai siffar gwafa: kowane turke a buɗe bakinsa biyu, a ja waya uku ko huɗu a kowane hannu, rassa su hau hagu da dama, tsakiya ta zauna a buɗe haske da iska na shiga. Gwafa ta fi sauƙin feshi da aski, wato datse rassa, kuma ta fi wuyar cushewa. Rumfa ta fi kare 'ya'ya, amma in ka yi sakaci ganye ya hau kan ganye sai ƙarƙashinta ya koma ɗaki mai duhu. Waɗannan hanyoyi biyu ne manoman Indiya ke amfani da su a yankin Nashik, wanda yanayinsa na damina da rani ya yi kama da namu.

Tazarar mita 3 tsakanin layi da layi, da kamar mita 2 tsakanin kuranga da kuranga, ta wadatar ga yawancin iri. Kada kwaɗayin yawan tushe ya sa ka matse su. Turakun kuma in na itace ne gara za ta ci su cikin 'yan shekaru, ƙarfe ko siminti ya fi ko da da tsada.

Shekarar farko babu maganar 'ya'ya. Ka bar toho ɗaya mafi ƙarfi ya bi sanda ya hau, kana cire na gefe, har ya kai waya, sannan ka datse kansa ya raba hannu biyu. Ɗanyen dashe in bazara ta same shi, ka kafa masa ɗan zana ta yamma.

Mataki na uku: aski biyu a shekara

A nan ne yawancin masu inabi a gida ke faɗuwa. Za ka ji mutum na cewa inabinsa ya shekara huɗu, ya rufe rumfa, amma bai taɓa ba shi ko nono ɗaya ba, har ya fara zargin ko namiji aka sayar masa. Galibi ba iri ba ne matsalar. Rashin aski ne, da inuwa.

A ƙasashen sanyi kuranga na zubar da ganye ta yi barci da hunturu, ta farka da kanta. A nan sanyinmu bai kai ya kwantar da ita ba, sai ta yi ta miƙa rassa ba tsari. Almakashi ne ke maye gurbin sanyin: shi ke gaya mata yaushe za ta fara, kai kuma ta haka kake zaɓar irin ranar da 'ya'yanka za su nuna a cikinta.

Akwai sirrin da ya sa ake aski biyu. Nonon da za ka yanka a Fabrairu ba a Nuwamba aka fara halittarsa ba. Tun watanni da yawa kafin nan, a cikin ɗan idon da ke hammatar ganye, ake yanke hukuncin ko wannan ido zai fito da fure ko kuwa zai fito da ɗan murɗaɗɗen zaren nan da kuranga ke kama waya da shi. Abin da ya fi rinjayar hukuncin shi ne hasken da ya sauka a kan idon da ganyen da ke kusa da shi yayin da reshen ke ɗanye. Idon da ya girma a rana ya fi ɗaukar fure. Wanda ya girma a duhu yawanci fanko ne.

Askin farko, na gina rassa, ana yin sa ne bayan an gama girbi an bar kuranga ta huta 'yan makonni, wato wajen ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu. Ka datse dukkan rassan da suka yi 'ya'ya, ka bar wa kowanne ido ɗaya ko biyu a gindi. Kurangar za ta koma kamar ƙashi, kada hankalinka ya tashi. Ka ba ta taki da ruwa sosai, sabon toho zai fito. Kimanin kwana 45 zuwa 60 bayan wannan askin ne idanu ke yanke wancan hukunci, kuma in ka yi lissafi za ka ga ya faɗa a Mayu zuwa farkon Yuni, kafin hadarin Yuli da Agusta ya rufe sama. Wanda ya jinkirta askin har ruwa ya sauka, idanunsa cikin gajimare za su girma.

A wannan tsakanin aikinka shi ne hana cunkoso. Ka rage tohon, ka bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin reshe da reshe a kan waya, ka shimfiɗa su kada su hau juna. Ƙananan rassan da ke fitowa daga hammata suna rufe ido, ka riƙa cire su ko ka datse su a bar ganye ɗaya. In reshe ya kai ganye 15 ko makamancin haka ka tsinke kansa, ƙarfin ya koma baya ya ƙosar da itacen. Ka yi hankali da takin yuriya a nan. Yana sa ganye ya yi faɗi ya yi duhu, gaɓoɓi su yi tsawo, kuma wannan inuwar ce ke kashe idon. Duk furen da ya fito a wannan zagaye ka cire shi. Na san da ciwo, amma nonon da zai nuna cikin Agusta ruɓewa da fashewa zai yi, ga shi ya cinye ƙarfin da ake tara wa na rani.

Damina kuma lokacin cutar ganye ce, wadda ke sa tabo kamar na mai a saman ganye da farin gashi a bayansa. In ta zubar maka da ganye a Agusta, rassan ba za su ƙosa ba. Maganin da ke da sinadarin tagulla ake fesawa, irin haɗin da aka gano a yankin Bordeaux na Faransa a shekarun 1880, na tagulla da farar ƙasa. Kurangar da iska da rana ke ratsawa tana bushewa da wuri bayan ruwa, cutar ba ta kama ta kamar cusasshiya.

Aski na biyu, na 'ya'ya, bayan ɗaukewar ruwa ne, a cikin Oktoba. Ka zaɓi rassan da suka ƙosa, launinsu ya koma ruwan ƙasa, kaurinsu kamar fensir, gaɓoɓinsu gajeru, waɗanda suka kwanta a sama suka sha rana. Ka bar siraran da suka girma a ƙarƙashi, da kuma ƙattin nan masu kaurin babban yatsa, don su ma ba su cika haihuwa ba. Yawan idon da za ka bari ya danganta da iri. Thompson Seedless, koren nan marar ƙwallo, idanunsa na gindi galibi fanko ne, sai ka bar masa reshe mai tsawo, ido 8 zuwa 10 ko fiye. Wasu irin na haihuwa tun daga ido na biyu ko na uku, su gajeren aski ya ishe su. In ba ka san irin da ke hannunka ba, ka yi gwaji a shekarar farko: wasu rassan dogo, wasu gajere, ka ɗaura ƙyalle a inda fure ya fito. Bayan askin ka zage duk tsohon ganyen da ya rage.

Don me Oktoba? Daga aski zuwa yanka kimanin wata huɗu ne zuwa huɗu da rabi, gwargwadon iri da sanyin shekarar. Aski a tsakiyar Oktoba na kawo fure wajen ƙarshen Nuwamba, laushi a Janairu, girbi a Fabrairu. Ke nan 'ya'yan za su nuna cikin rana mai haske da dare mai sanyi, su kuma tsere wa zafin Maris da Afrilu. Wanda ya kai Disamba bai yi aski ba, a tsakiyar bazara inabinsa zai nuna.

Manyan gonaki na shafa wa idanu wani magani mai suna Dormex don su tsage tare. Yana aiki, amma guba ne mai ƙona fata. In za ka taɓa shi, sai da safar hannu da abin rufe fuska, kuma ka nemi wanda ya saba ya nuna maka awonsa. Manoman Kudan da ke jihar Kaduna sun yi nisa a noman inabi, tafiyar yini ɗaya zuwa can a lokacin aski ta fi karatun wata guda.

Mataki na huɗu: daga toho zuwa ɗaurin 'ya'ya

Toho na fitowa da yawa, fiye da abin da rumfa za ta ɗauka. Da sun kai tsawon yatsa za ka iya gane masu fure. Ka cire tagwaye, da raunana, da mafi yawan marasa fure, amma ka bar kaɗan a gefen yamma su zama laima.

Sai lissafin ganye da nono. Nono ɗaya matsakaici na buƙatar lafiyayyen ganye 12 zuwa 15 da ke ganin rana kafin ya yi zaƙin kirki. Reshe ɗaya, nono ɗaya. In biyu suka fito ka cire na sama ko mafi rauni. Mai barin duka yana samun nauyi a sikeli, amma 'ya'yan za su tsaya da tsami, launi ya ƙi kamawa, ko da ya bar su wata guda a sama. Rana ba ta gyara kurangar da aka yi wa lodi fiye da ganyenta.

Lokacin fure kada ka jiƙa kan kuranga, kada kuma ka cika mata ruwa ko yuriya, furen na kakkaɓewa.

Mataki na biyar: rage ganye, da wuri kuma ta gabas

Wannan shi ne gyaran kuskurena. Rage ganye na da amfani, lokacinsa da gefensa ne abin lura. Ka yi shi bayan 'ya'ya sun ɗauru, suna tsakanin girman ƙwayar dawa da na wake. Fatar da ta saba da haske tun tana ƙarama tana ƙera wa kanta kariya. Wadda ta girma a duhu aka buɗe ta kwatsam bayan ta fara laushi, ita ke ƙonewa. Ɗan inabin da rana ke duka kai tsaye na iya fin iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 10 ko fiye, musamman baƙi. In ana digiri 36 a inuwa, ka ƙiyasta abin da ke kan fatarsa.

Ka cire ganye biyu ko uku na gindin reshe, waɗanda ke gogar nono ko suka shige cikinsa, ta gefen da ranar safe ke shigowa. Na sama da na yamma ka bar su. Ka cire waɗanda suka yi ɗorawa a tsakiya. Kada ka gama a rana ɗaya, ka raba shi biyu da tazarar mako.

Ga yadda nake gane ko na yi daidai. Da tsakar rana, wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi, nakan tsaya ƙarƙashin rumfa in dubi ƙasa. In inuwar ta yi baƙi ƙirin babu ɗigon haske, ganye ya yi yawa. In hasken ya yi faci-faci masu faɗi kamar faifai, na wuce gona da iri, sai in jawo reshe in rufe. Abin da nake nema shi ne dabbare-dabbare kamar jikin zabo, suna motsi in iska ta kaɗa.

Duhu na da wata illar. Farar cutar nan mai kama da an barbaɗa toka a kan ganye da 'ya'ya ba ta buƙatar ruwan sama, a rani take yaɗuwa, kuma inuwa take so don hasken rana kai tsaye na kashe ta. Farar wuta na maganinta, amma kada ka fesa ta in zafi ya haura digiri 32, za ta ƙona ganyen. Da sassafe ko da yamma liƙis ake yi.

Hazo na rage ƙarfin rana, ƙurarsa kuma na kwanciya a kan ganye ta tare haske. In ta yi kauri nakan wanke ganyen da ruwa zalla da safe don ya bushe kafin hantsi ya ɗaga. Nonon kuwa ba na taɓa shi. Farin garin da ke kan fatar inabi ba datti ba ne, kakin da ke kare shi daga rana da bushewa ne. In ka murje shi ba ya dawowa, mai saye ma yana gane wanda aka jagwalgwala.

Mataki na shida: laushi, launi da zaƙi

Wata rana za ka matsa ɗan inabi ka ji ya daina tauri, kore ya fara haske, ja ko baƙi ya fara ɗiga launi. Daga nan sukari ke kwarara cikinsa, tsami kuma ya fara sauka. Zafi na saurin cinye wani ɓangare na tsamin, shi ya sa inabin da ya nuna a bazara kan yi zaƙi salam babu armashi, wanda ya nuna cikin sanyin Janairu kuwa zaƙinsa na tafe da ɗan tsami mai daɗi.

Launi ya fi komai shan wahala a ƙasa mai zafi. Jajayen iri kamar Flame Seedless da Crimson Seedless na buƙatar haske kafin su yi ja, amma in zafi ya kai wajen digiri 35 launin ya kan tsaya, musamman in dare ma bai yi sanyi ba. Wato suna son haske, ba sa son ƙuna. Nan ne hunturunmu ke taimako. In ka ga jan ya ƙi shiga, ka ɗan ƙara buɗe gabas, ka kuma duba ko lodi ne ya yi yawa kafin ka zargi inuwa. Baƙaƙen iri ba su cika buƙatar haske kai tsaye ba kafin su yi launi. Kore kuwa in ya sha rana ɗorawa yake komawa, wani lokaci da ɗigo-ɗigo. Nonon da ya faɗo waje babu ganyen da zai rufe shi, ka yi masa hula da takarda, a buɗe ta ƙasa don iska. Leda ba ta yi, dafa shi za ta yi.

A wannan lokaci tsofaffin ganyen gindi sun gaji, na tsakiya da na sama ne ke ɗauke da aikin. Kada ka datse kan rassa sosai yanzu.

Ruwa da rana tare suke tafiya. Kurangar da ke jin ƙishi na rufe ƙofofin ganyenta, sukari ya tsaya, ganyen ya yi laushi ya sunkuya ya tone nonon da yake rufewa. Ka taɓa ganyen da ke rana da hantsi: in da ɗan sanyi-sanyi tana shan ruwa, in da ɗumi tana neman sa. Ka rufe gindi da ciyawa ko ɓuntu don rairayi ya daina ɗaukar zafi, amma ka ɗan janye shi daga jikin itacen saboda gara. Makonni biyu kafin yanka ka rage ruwan kaɗan, ba yankewa ba. Abin da ke fasa 'ya'ya shi ne a bar ƙasa ta bushe ƙaƙas sannan a malala mata ruwa. Tsuntsaye kuma da sun ga launi za su zo, raga ce kawai ke hana su.

Mataki na bakwai: yanka

Inabi ba mangwaro ba ne, ba ayaba ba. In ka yanke shi ya gama, ba ya ƙara zaƙi ko ka rufe shi a kwando kwana nawa. Launi kuma na riga zaƙi zuwa, don haka kada ido ya yanke maka hukunci. Ka ɗanɗana daga ƙasan nono, inda ya fi jinkirin nuna, kuma daga nonon da ke cikin inuwa. In mai ƙwallo ne ka duba ƙwallon, ya zama ruwan ƙasa ba kore ba.

Akwai ƙaramar na'urar auna zaƙi da ake ɗiga mata ruwan 'ya'ya a leƙa ta wajen haske, tana ba da lamba a ma'aunin Brix. Kowace lamba ɗaya na nufin kimanin giram ɗaya na sukari a giram 100 na ruwan. Inabin ci na kai wa yadda ake so a 16 zuwa 18. Na zabibi a bar shi ya kai 20 ko fiye, kuma kimanin kilo 4 na ɗanye ke ba da kilo ɗaya busasshe. In za ka shanya a nan, ka ɗaga shi daga ƙasa ka rufe da siririn yadi saboda ƙura da ƙuda.

Rumfa ba ta nuna rana ɗaya. Gefen da ya fi samun haske kan riga da kwanaki, sai ka yi yankan sau biyu ko uku. Ka yanka da safe kafin 'ya'yan su ɗauki zafi, ka riƙe ta mariƙin nono, ka sa a inuwa nan take, kada ka tara fiye da hawa biyu a kwando.

Bayan an kwashe 'ya'ya kada ka juya wa kurangar baya. Ganyen da ya rage yana ci gaba da ƙera sukari, yanzu kuma cikin itace da saiwa yake ajiye shi, da wannan ajiyar tohon Afrilu zai fito. Ka ci gaba da ba ta ruwa daidai gwargwado, ka zuba ruɓaɓɓen taki, ka bar ta mako uku zuwa huɗu da ganyenta, sannan ka wasa almakashi don askin farko.